Manyan tantabaruna sun gudu, 'ya'yan suna mutuwa: ko zan ga ranar da za su dawo daga Bauchi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Pantami a nan Gombe. Na tara kuɗi na sayi manyan tantabaru biyar a hannun wani da ya ce mini 'yan tsere ne. Na kulle su mako biyu, ranar da na buɗe uku suka tashi, har yau ban sake sa su a ido ba. Biyun da suka rage mace da namiji ne, sun yi ƙyanƙyasa sau biyu, amma 'ya'yan ba sa kai mako biyu sai in ga wani abu rawaya a cikin bakinsu, su daina karɓar abinci, su mutu. Gero nake ba su, kuma kullum kwanon a cike yake. Burina in kai tantabarata Bauchi in sake ta, ta riga ni dawowa gida. Zai yiwu kuwa, ko dai an cuce ni ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da ke damunka shi ne dalilin tafiyar manyan, da abin da ke kashe ƙananan, sannan kana son sanin ko tantabara za ta iya tasowa daga Bauchi ta sauka a Pantami. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinka ya kwanta: za ta iya. Tsakanin Bauchi da Gombe kilomita 150 ne da 'yan kai a mota, ta sama ma bai kai haka ba, kuma tantabarar tsere mai ƙoshin lafiya tana cin kilomita 60 zuwa 80 a awa guda in iska ba ta tare ta ba. Tafiyar awa biyu da ɗoriya ke nan. A ƙasashen da harkar ta kafu, wannan zangon na 'yan koyo ne. Sai dai ba waɗannan biyun da ke hannunka za su cika maka burin ba. 'Ya'yansu ne za su yi, kuma sai 'ya'yan sun rayu tukuna.

Dalilin da ya sa ukun suka tafi

Irin tantabarar tsere da duniya ta sani yau, a ƙasar Beljiyam aka fitar da shi a ƙarni na 19. Jinsuna daban-daban aka riƙa haɗawa, duk wadda ta fi saurin komawa gida ita ake ajiyewa a yi iri da ita. Kafin waya ta game ko'ina, saƙo ake aikawa da su. A 1850 Paul Julius Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, da tantabaru yake isar da farashin hannun jari tsakanin birnin Brussels na Beljiyam da birnin Aachen na Jamus. Yanzu kuwa abin ya zama babbar kasuwa, har a 2020 aka sayar da wata mace mai suna New Kim a Beljiyam a kan Yuro miliyan 1.6. Duk wannan kuɗin, hali guda ake saya: ko ina aka kai ta, gida take nema. Ita ba ta san ana gasa ba, ba ta san da wata abokiyar takara ba. Gurbinta take so, da abokin zamanta, da kwanon da ta saba ci a ciki. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Yadda take gane hanya kuwa, har yanzu masana ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. An tabbatar tana amfani da matsayin rana tare da lissafin lokaci da ke jikinta. Akwai shaidar cewa tana jin maganaɗisun ƙasa. Masu bincike a Italiya sun nuna cewa warin da iska ke kawowa daga sassa daban-daban yana taimaka mata, a Jami'ar Oxford kuma an bi sawun wasu aka ga suna bin manyan tituna idan sun shigo yankin da suka sani. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne, gidan da take ɗauka nata shi ne wanda ta fara tashi daga kansa tana ƙarama. Babbar da ta riga ta yi shawagi a kan wani gida, kullen mako biyu ba ya goge mata shi. Wata ko ta shekara a kulle, ranar da ta ga ƙofa a buɗe tsohon gida za ta nufa.

Saboda haka ka koma wurin wanda ya sayar maka, zuwa da kai ya fi aike. Akwai kyakkyawan zaton ukun nan suna can. Mutumin kirki zai mayar maka da su, ko ya ba ka 'ya'ya a madadinsu, ni kuwa da za ka ji tawa, 'ya'yan za ka karɓa, 'yan mako huɗu zuwa biyar, waɗanda suka fara tsintar hatsi da kansu amma fiffikensu bai yi ƙwari ba. Biyun da suka zauna, ka daina sakinsu. Ka yi musu fili na ragar waya inda za su sha rana su yi wanka, su zama iyayen iri.

Batun ko an cuce ka, komawarsu gida ba ta isa hujjar cewa 'yan tsere ne ba, domin ko tantabarar gida da aka saba ratayewa tukunya a jikin katanga za ta koma daga Pantami zuwa Jekadafari. Ka duba ƙafa ko akwai rufaffen zobe mai lamba da shekara, irin wanda ba ya shiga sai tana 'yar kwana biyar zuwa bakwai. Ka riƙe ta a hannu: ta tsere ƙirjinta cike yake, bayanta da ƙarfi, gashinta santsi, nauyinta wajen giram 400 zuwa 500, ba ta da gashin ƙafa ko tukku ko wutsiya mai baje. Masu irin wannan gashin na ado ne, suna da kyan gani, amma ba su san hanya ba. Duk da haka zobe ana iya sa wa kowace, kama kuma tana ruɗi. Hanya ce kaɗai za ta gaya maka gaskiyar jinin da ka saya, kuma a kan 'ya'yan za ka gani.

Rawayar da ke bakin 'ya'yan

Wannan shi ne na gaggawa, kuma kada ka bar su su sake yin ƙwai kafin ka magance shi. Bayanin da ka yi ya yi daidai da cutar da masu kiwo ke kira kanka, wadda wata ƙwaya mai suna Trichomonas ke haddasawa. Manyan tantabaru da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ta kwantar da su ba. Matsalar tana wurin ciyarwa. A kwanakin farko uwa da uba duka suna fitar da wani nono mai kauri daga jakar da ke ƙasan wuyansu, ɗan kuma yana cusa bakinsa cikin nasu ya sha. Nan take ƙwayar ke bi. Jikinsa bai da ƙarfin tare ta, sai ta yi ta taruwa har ta toshe masa maƙogwaro. Wani lokaci ma a cibiya take fitowa, ka ga ta kumbura ta yi tauri.

Ka kama iyayen da safe ka buɗe bakinsu a hasken rana. Maƙogwaron mai lafiya ja ne mai haske, a tsabtace. In ka ga yauƙi yana zare tsakanin sama da ƙasan baki, ko ɗigon rawaya a can ciki, ko ka ji ɗoyi, to ga tushen nan. Kada ka sa tsinke ka ɓanɓare rawayar a bakin ɗa, jini zai ɓalle. Maganin da ke kashe ƙwayar shi ne metronidazole ko ronidazole, kuma duk tsuntsayen ɗakin ake ba wa lokaci guda, da mai alama da marar alama. A nan iyakata take: ni mai kiwo ne, kuma daga nesa nake jin bayaninka. Akwai cutar ƙuraje da sauro ke yaɗawa da damina, wadda ita ma takan fito a cikin baki ta yi kama da kanka, sai dai ita tana haɗawa da ƙuraje a fatar ido da gefen baki da ƙafa, kuma waɗancan magunguna ba sa yi mata komai. Ka ɗauki tsuntsun ka kai asibitin dabbobi, likita ya gani da idonsa, shi zai yanka maka awo daidai da nauyi. Kafson nan mai ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba wa kaji a ruwa duk sanda suka yi laushi, ka nisanta shi da ɗakinka. Ba ya taɓa kanka, kuma yawan ba da shi barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Magani ba zai ɗore ba in ruwan sha bai gyaru ba. Tantabara ba ta ɗaga kai kamar kaza in tana sha, nutsa baki take yi ta zuƙa, don haka duk abin da ke bakin ɗaya yana komawa cikin ruwan kowa. Amma ƙwayar ba ta jure bushewa. Ni masha biyu nake ajiyewa, yau wannan na aiki, wancan an wanke an kife shi a rana, gobe a musanya. Kuma ba na barin ruwa a fili inda kurciya za ta sauka, domin ita ma tana ɗauke da cutar.

Tunda kana da niyyar kai su hanya, akwai wata cutar da ta fi kanka saurin share ɗaki. 'Yar'uwar annobar Newcastle ce ta kaji, wadda mu a nan ta fi tashi da hunturu. Alamarta zawo mai ruwa-ruwa, yawan shan ruwa, daga baya wuya ya murɗe, tantabara ta kai wa ƙwayar hatsi sara ta kuskure. Ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin Newcastle na kaji, amma irin wanda ake zubawa a ruwa kariyarsa ga tantabara ba ta da ƙarfi kuma ba ta daɗewa. Allurar da aka yi don tantabara ta fi, sau ɗaya a shekara, 'ya'ya kuma bayan yaye. Ka tambayi likitan abin da ake samu. Duk sabuwar da ka kawo, ka ware ta mako uku zuwa huɗu kafin ta shiga cikin naka, kuma kada ɗakinsu ya haɗu da akurkin kaji.

Kwanon da ba ya rabuwa da gero

Gero abinci ne, amma shi kaɗai ba ya gina tsoka, ba ya tayar da ɗa. Ɗan tantabara daga ƙyanƙyasa zuwa mako huɗu yake kusan kamo uwarsa a girma, wannan kuwa sai da sinadarin gina jiki, wanda wake ya ninka gero a kansa. Ka je Tudun Hatsi ka haɗa da kanka. A cikin gwangwani goma ni nakan sa farar dawa uku, masara biyu, alkama biyu, wake biyu, gero ɗaya. In suna ciyar da 'ya'ya ko suna sake gashi, sai in ƙara wake in rage masara. Waken suya ba a ba su shi ɗanye, sai an soya sama-sama. Gyaɗa da riɗi mai ne, kuma mai tantabara ke ƙonawa a doguwar tafiya, amma kaɗan ake ba su. Ni a hannu nake ba da gyaɗa, ƙwaya biyu ko uku, shi ya sa suke sauka a kafaɗata ba sa gudun kamu.

A wajen saye ka buɗe ido sosai, domin nan ne mutanenmu ke yin asarar da ba su san dalilinta ba. Waken da aka adana da maganin ƙwari yana iya kashe tsuntsu. Ka damƙo ka shinshina, in ka ji warin magani ka bar shi komai arharsa. Na fi yarda da waken da na ga ɗan huji a jikinsa a kan wanda ya kai bazara sumul babu ko tabo. Irin shuka da aka rina da magani, ko kyauta ne kada ka karɓa. Masara da gyaɗa kuma in sun sha danshi suna yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta. Ka ciza ƙwaya ɗaya, in ba ta fashe da ƙara ba ba ta bushe ba. Bayan ka kawo gida a sheƙe, a shanya, a zuba a durom mai murfi inda ɓera ba zai kai ba, don fitsarinsa da kashinsa suna kawo cuta.

Cikar kwano kuma ita ce za ta hana ka mallakar tsuntsayenka. Tantabarar da ta ƙoshi ba ta jin kira, sai ta zauna a kan kwanon rufin maƙwabci har la'asar, ta yi ƙiba, ta ƙi tashi. Wadda ba ta ciyar da 'ya'ya, giram 30 zuwa 35 ya ishe ta a yini, wato kusan cokalin cin abinci biyu a cike. Kashi ɗaya cikin uku da safe, sauran da yamma, kuma ko da yaushe bayan sun sauko daga tashi. Ka zuba, ka tsaya kana kallo. Da zarar biyu ko uku sun bar hatsi sun nufi ruwa, ka ɗauke kwanon. Masu 'ya'ya a gurbi ne kawai ba a yi wa awo. Kullum in za ka zuba, ka kaɗa hatsi a gwangwani ko ka yi fito iri ɗaya, har su haɗa wannan ƙara da abinci.

Kada ka manta da tsakuwa. Ba su da haƙori, ƙundu ne ke niƙa, shi kuma sai da ƙananan duwatsu. Ka haɗa tsakuwar rafi da dakakken jan bulo da gawayi da ɓawon ƙwai da aka gasa, da ɗan gishiri kaɗan, a wani kwano daban. Macen da ba ta samun wannan ita ce ke yin ƙwai mai laushin ɓawo.

Ɗakin kansa ba sai mai tsada ba. Ya kasance a bushe, iska na ratsawa, ƙasansa a ɗage, ragar kuma mai ƙananan idanu da ɓera da maciji ba za su bi ba. Mu a nan hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, don haka fuskar ɗaki ta kalli kudu. Kwanon rufi tsirara a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, yana dafa 'ya'ya a gurbi, sai ka ɗora masa zana ko ka yi silin. Matakan zama su fi yawan tsuntsayen. Ka kankare kashi kullum, kuma ka sa takunkumi in kana yi, saboda ƙurar gashi da busasshen kashi tana jawo wa wasu masu kiwo ciwon huhu bayan shekaru.

Daga Tumfure zuwa Bauchi

Mace ƙwai biyu take yi, su yi kwanci kwana 18 suna karɓa-karɓa, namiji da rana, mace da dare. 'Ya'yan in sun kai kwana 25 zuwa 28 ka raba su da iyaye. Tun a makon nan ka riƙa ɗora su a kan allon sauka cikin keji, su kalli unguwa, su ga hasumiyar masallaci da bishiyoyi da tankin ruwa, sannan ka kaɗa gwangwani ka tura su ta ƙofar shiga su tarar da abinci. Sakin farko da yamma ake yi, da yunwa a cikinsu, ranar da babu iska, kuma ba a kora su. Su da kansu za su fara tsalle zuwa rufi su dawo. Bayan 'yan makonni za su haɗa garke suna kewaya gida, wajen wata uku kuma sai ka ga sun ɓace daga ido na awa guda, su dawo ta wata kusurwa. To lokacin sa su a kwando a kai su nesa a saki ya yi. Wanda ya kai su hanya kafin wannan, zubar da su yake yi.

Ka bar su su kwana a kwandon a gida tukuna, su koyi shan ruwa a ciki. Sannan ka fara kusa, kilomita biyu ko uku, sai biyar, sai wajen Tumfure, ka maimaita kowane zango har sai sun riga ka isowa gida. In ka isa wurin saki, ka ajiye kwandon minti goma sha biyar su nutsu su ga rana, nesa da wayoyin wuta. Ka tsallake Lawanti saboda filin jirgin sama. Daga nan sai Bara, sai Alkaleri, sai Dindima, sannan Bauchi. In an yi saki ɗaya da ya zo da wahala, suka dawo ɗaya-ɗaya a gajiye, ka huta musu, ka koma zangon baya.

Yanayi ne zai zaɓa maka rana. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa kafin hazo ya sauka, da sassafe da zarar rana ta fito fili. Ranar da ƙura ta rufe rana ba a saki. Ka kuma lura cewa mai tasowa daga Bauchi gabas take fuskanta, ke nan da hunturu iska a gabanta take, tafiyar awa biyu sai ta zama uku ko fiye. A wannan lokacin hanyar Bajoga ta fi musu sauƙi, iska na tura su ta baya. Da bazara ba na wuce gajeren zango. Shaho kuwa ba ka da maganinsa, musamman a wuraren duwatsu, sai dai ka sake su a garke, domin wadda ta ware ita yake ɗauka. Shirwa ba ta cika kama lafiyayyar tantabara a sama ba, ko da yake tana firgita ƙanana.

Akwai abin da nake gaya wa duk matashin da ya zo mini da wannan sha'awa, saboda shi ya ɓata sunan masu tantabara a unguwanni. Kada ka hau rufi kana leƙa tsakar gidan mutane da sunan kallon tsuntsu. Tantabarar wani in ta biyo naka ta shigo, ba taka ba ce, ka ba ta ruwa ka nemi mai ita. Kada kuɗin caca ya shiga tsakaninka da abokan gasa, kada kuma jiran dawowarsu ya cinye maka sallah. Malamai ba su hana kiwon tantabara ba, waɗannan ɗabi'un ne suka yi magana a kansu.

Ranar Bauchi, ka bar wani a gida da agogo da gwangwanin hatsi. Wadda ta sauko, ruwa za ta fara nema, sai a sa mata ɗan gulukos a ciki, a ba ta gero da farar dawa kaɗan, abinci mai nauyi sai yamma. A bar ƙofar shiga a buɗe kwana biyu ko uku, domin akwai mai kwana a hanya, kuma in ta iso ka duba ƙirjinta da ƙarƙashin fiffike ko waya ta yanke ta ko shaho ya yage ta. Ka sami littafi ka riƙa rubuta lambar zoben kowacce, da iyayenta, da wurin saki, da lokacin da ta shigo, da yadda iska take a ranar. Da wannan littafin za ka zaɓi waɗanda za ka haɗa aure baɗi. Kuma tunda duk 'ya'yanka daga uwa ɗaya uba ɗaya za su fito, kafin lokacin ka nemo wani jinin daga ɗakin da ka ga tsuntsayensa suna dawowa daga nesa da idonka, don kada ka yi ta haɗa wa da ƙanwa har irin ya yi rauni.